Turken da Na Kafa a Gonar Baba Ilu

Kai, ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin duba ƙungiyoyi ai ba wani abu ba ne, ka karɓi rahotonsu, ka kalli hotuna a waya, ka sa hannu, ka tashi. To madalla. Ni Haruna na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, kuma ina gaya muku takarda ba ta taɓa yi mini ƙarya kamar yadda idona ya yi mini ba. Ku matso, ku ajiye wayoyin nan tukuna.

An ɗauke ni aiki a shekarar da aka koma tuƙin dama. Ofishinmu yana Sabon Gari, ɗaki biyu ne da baranda, kana jin kukan jirgin ƙasa daga kan kujerarka. Aikinmu shi ne duk ƙungiyar sa kai da ta ce za ta taimaki jama'a, mu je mu ga ko abin da ta faɗa shi take yi, kuma ko mutanen da ake yi dominsu sun san abin da ake ciki. In mun ce ta gaza, a janye mata izini. Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Jibo, wani dogon dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya yi aikin safiyo, wato awon ƙasa, kafin a dawo da shi wannan ofis. Ranar farko ya jera mini kaya a kan tebur: sarƙar awo, guduma, turakan ƙarfe guda shida a cikin buhu, littafi mai baƙin bango, da fensir da ya ɗaure da zare. Na ce, "Malam, ni fa na ɗauka aikin biro ne." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Biro yana zuwa daga baya. Ka iya keke?"

Aikin da ya mai da ni mutum shi ne na wata ƙungiya ta masu tsare ƙasa daga zaizaya. Ba zan kira sunanta ba, ba don ta yi abin kunya ba. Wasu malamai ne na Samaru da 'yan kasuwar Sabon Gari suka haɗu suka kafa ta, akwai na masallaci akwai na coci. Shugabarsu Malama Saratu, tsohuwar malamar makaranta ce, gajeriya mai tabarau, wadda in ta kira sunanka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Mace ce mai gaskiya, wannan ku riƙe shi tun yanzu. Wurin da suka zaɓa wata unguwa ce can bayan Bomo, inda wani kwazazzabo ya buɗe baki yana cin gonakin mutane duk damina. Ya cinye biyu, ya doshi ta uku, gonar wani tsoho da ake kira Baba Ilu. Ita kaɗai gare shi, da ita yake ci da gidansa. Ƙungiya ta ce za ta dasa darbejiya a jere a bakin kwazazzabon, saiwa ta riƙe ƙasa, gonar tsoho ta tsira.

Zuwana na farko tare da Malam Jibo muka yi, da kaka. Daga Sabon Gari mu bi ta Kwangila mu miƙe Samaru, sannan mu saki titi mu kama hanyar ƙasa. Muka tarar da dashen a jere, ɗanye shar, iya gwiwa. Ni na hau ƙirga. Shi kuwa Malam Jibo ya wuce cikin gonar, ya zaɓi wani wuri kusa da wata 'yar aduwa, ya ce in buga turke. Na buga har sai da ya rage kamar tsawon yatsa a waje. Ya ce in ja sarƙa daga turken zuwa bakin ramin. Ƙafa arba'in cif. Ya ce in rubuta. Na rubuta, amma a raina ina cewa tsohon nan dai yana kewar safiyonsa ne. An turo mu duba itatuwa, me ya haɗa mu da turke?

Shekarar da ta biyo baya ita ce ta fari. Iyayenku sun ba ku labari, amma ji ba gani ba ne. Ruwa ya yi latti, ya zo kaɗan, ya ɗauke da wuri. Dawa ta tsaya a ƙugu ta bushe. Shanu suka gangaro daga arewa suka lashe duk wata ciyawa har ƙasa ta zama kamar tafin hannu. Ɗan ruwan da aka samu kuwa ba yayyafi ya yi ba, sau biyu ko uku ya zuba kamar da bakin ƙwarya a kan ƙasar da babu abin da zai riƙe ta. A wannan shekara ƙungiyoyi da yawa suka watse. Sai ga rahoton Malama Saratu ya iso ofis, an buga shi da tafireta cikin Turanci, yana cewa duk itatuwan suna raye.

Malam Jibo yana fama da ƙafa lokacin, ya ce in je ni kaɗai. Ni kuma don in nuna na iya tsari, sai na aika da saƙo mako guda kafin nan cewa ina zuwa ranar kaza. Wayyo! Na isa na tarar an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarma, ga fura, ga 'yar kaza an soya, a shekarar da mutane ke auna tsaba da gwangwani. Na ci na yi nak. Baba Ilu da kansa ya raka ni bakin kwazazzabo. Itatuwa a jere, kore shar, ko ɗaya bai mutu ba. Na tambaye shi, "Baba, yaya aikin ƙungiya?" Ya ce, "Sai godiya. Allah ya saka wa Malama." Na tambayi wasu mutum uku, duk bakinsu ɗaya. Rana ta take, cikina ya yi nauyi, sarƙa tana ɗaure a bayan keke ban ko kwance ta ba. Na dawo na rubuta yabo shafi biyu.

Malam Jibo ya karanta yana shafa ƙafarsa. Da ya gama ya ce, "Haruna, tsawon itatuwan fa?"

Na ce, "Iya gwiwa, Malam."

"Bara fa?"

Na ce, "Bara ma haka."

"Darbejiya ce ko albasa? Shekara guda da rabi tana iya gwiwa?" Ya juya takardar. "Ina awon turke?"

Na ce rana ce ta yi zafi. Ya ce, "Me ka ci a can?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Wanda ya ci kazar mutum ba ya iya duban idonsa ya yi masa tambaya ta biyu. Gobe ka koma. Kada ka gaya wa kowa. Kada ka bi ta ƙofar gida, ka bi ta bayan gona. In ka isa, ka sa yatsa ka tona gindin itace guda ɗaya."

Haka na yi. Na isa da hantsi, na jingine keke a jikin aduwa, na durƙusa gaban itace na farko na tona. Ƙasar ta yi laushi, sabuwar cikawa ce. Da na ɗan zurfafa sai ga saiwar a dunƙule, ta yi siffar gwangwanin madara sak, ko fita daga ƙasar da aka raine ta ba ta yi ba. Na tona na biyu, haka. Na biyar, haka. Waɗannan ba su kai wata guda a wurin ba. Na nemo turke na ja sarƙa. Na sake ja don ban yarda ba. Ƙafa ashirin da bakwai. Ramin ya ci ƙafa goma sha uku na gonar tsoho a shekarar da ko ruwan kirki ba a yi ba, mu kuma muna ta rubuta yabo. Ashe ma layin itatuwan da na ƙirga bara ya daɗe da faɗawa ciki, wannan sabon layi ne aka ja da baya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce lallai ƙungiyar nan ta raina mana hankali, ta ji ina zuwa ta turo a yi dashen dare ɗaya. Ina cikin naɗe sarƙa sai ga Baba Ilu ya ɓullo daga bayan gidansa da tulu a kafaɗa. Da ya gan ni ya tsaya cak. Ya dubi ramukan da na tona, ya dube ni, ya sauke tulun a hankali.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, wa ya dasa waɗannan?"

Ya ce, "Zo."

Ya kai ni bayan rumbunsa. Gwangwanaye ne jere a inuwa, sun fi a ƙirga da ido, kowanne da ɗan tsiron darbejiya a ciki. Gefe guda kuma ga tarin busassun tsinke an ɗaure su dami-dami. Ashe shi ne yake zuwa Samaru yana tsintar 'ya'yan darbejiya a gefen titi, yana roƙon gwangwani a wurin masu shayi, yana rainon su da ruwan da matarsa ke ɗebowa daga rijiya mai nisa. Malama Saratu takan zo Asabar ta farkon kowane wata. Duk wanda gara ta ci, ko akuya, ko ya bushe, ko ya rufta, sai ya cire ya sa sabo kafin ta iso.

Na ce, "Haba Baba! Don me? Gonarka ce fa take tafiya!"

Ya ce, "Ɗana, matar nan ba dangin iya ba dangin baba. Ta baro gidanta, ta hau keke da tsufanta, ta zo ta durƙusa a gonata tana dashe da hannunta. In ta zo ta ga sun yi kore, sai ka ga tana dariya kamar yarinya. Ni ne zan buɗe baki in ce mata itacenki ya mutu? Da wane bakin?"

Na ce, "To ku da can da me kuke tare irin wannan rami?"

Ya ce, "Ciyawar jema mana. Kakana da jema ya ɗaure bakin wani ramin da ke gabas, je ka gani har yau bai motsa ba. A haƙo ta daga fadama a dasa ta layi-layi, a jera duwatsu can sama inda ruwan ke taruwa ya rage gudu. Itace sai daga baya, in ƙasa ta zauna."

"Kun faɗa wa Malama?"

"Ba ta tambaya ba. Masu ilimi sun zo da takarda, mu su wa?"

Sai ya kama hannuna ya ce, "Don Allah kada ka tona mini asiri." Ku ji fa. Mutum gonarsa na rufta wa rami, abin da yake tsoro shi ne kada baƙuwa ta ji kunya.

Na dawo ofis abu ya cushe mini. In na rubuta cewa rahoton ƙungiya ba gaskiya ba ne, a janye izini, su watse, ba mai sake waiwayar unguwar, gona ta tafi. In na yi shiru, a ci gaba da wasan gwangwani, damina biyu ta ishi ramin ya kai aduwa, gona ta tafi. Na zayyana wa Malam Jibo. Ya ce, "Ka rubuta abin da ka auna, kada ka ƙara kada ka rage. Amma a ofishin nan ba ma aika takarda sama sai mai ita ya ji ta da kunnensa. Je ka karanta mata."

Gidanta yana Samaru bayan kasuwa. Na same ta tana ba kaji dusa. Na zauna a baranda na fara karantawa. Ban kai rabi ba ta cire tabarau.

"Dakata. Kana nufin ƙarya na rubuta?"

Na ce, "A'a Malama. Abin da kika gani kika rubuta. Ni ma shekaranjiya abin da na gani na rubuta, har na fi ki yabo."

"To wa ya yi mini wannan? Wa yake so ya ɓata mini suna?"

Na faɗa mata komai, har gwangwanaye, har ruwan rijiya. Na karya alkawarin da ban ɗauka ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Kaji suka gama dusa suka watse. Can ta ce, "Rahoton nan nawa, wa ya taɓa karanta wa mutanen unguwar shi?" Na ce babu, da Turanci yake, wurin 'yan kasuwar Sabon Gari yake zuwa da ofishinmu. Ta ce, "Wato shekara biyu ina ba kowa labarin gonar mutum, ban da mai gonar." Ta mai da tabaranta. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ni takardarka. Ni zan karanta, a can, da Hausa. Kuma duk wanda ya ba mu gudummawa sai ya zo ya ji."

Wasu daga cikin 'yan kwamitinta sun so a rufe maganar, a gyara a hankali ba tare da an sani ba. Ta ce wanda yake jin kunya ya zauna a gida. Ranar Asabar aka taru a ƙofar mai unguwa da safe. 'Yan kasuwar Sabon Gari suka zo a bayan wata akori-kura, suna kakkaɓe riguna. Malam Jibo ya zo da sandarsa. Baba Ilu ya zauna can baya ya sunkuyar da kai, ko inda nake bai kalla ba.

Malama ta miƙe ta karanta tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko layi ba. Ta faɗi arba'in, ta faɗi ashirin da bakwai. Ta ce rahoton da ta aika musu ba daidai ba ne, kuma ita ta sa hannu, kada a nemi wani. Wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi ya fara gunaguni, ta ce, "Alhaji, ka bari in gama, sannan ka zage ni a tsanake." Aka yi dariya, wuri ya ɗan saki. Sai ta taka har inda Baba Ilu yake, ta durƙusa a gabansa.

Ta ce, "Baba, ka yi mini laifi guda. Ka bar ni ina dariya gonarka tana tafiya."

Tsoho ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Malama, tashi don Allah, kunya ce."

Ta ce, "Ba zan tashi ba sai ka gaya mana abin da za a yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

To fa, nan bakin Baba ya buɗe. Ya fara a hankali, yana kallon ƙasa, can sai ga shi a tsaye yana zana layuka da sanda, wasu tsofaffi suna gyara masa, ana gardamar inda za a fara jera dutse. Mutanen da suka ce mini sai godiya, yau ga su kowa da abin faɗa. Alhajin yadi da kansa ya ce motarsa za ta yi jigilar duwatsu.

Malam Jibo ne ya kawo maganar allo. Ya ce a kafa allo a bakin gonar, duk ƙarshen damina a ja igiya daga turke a gaban kowa, a rubuta abin da aka samu da boko da ajami, wanda ya ga ba daidai ba ya yi magana. Ya yanka musu igiya daidai da sarƙarmu, ya ƙulla ta ƙafa-ƙafa, ya damƙa wa Baba Ilu. A rahotonmu muka rubuta gaskiyar abin da ya faru, muka ce a bar musu izini shekara guda a gani.

Aka yi gayya kafin ruwa ya sauka. Na je da kaina na ɗauki dutse har bayana ya ƙage, ko da yake ba ya cikin aikina. Daminar ta zo da ƙarfi. Duk ranar da hadari ya haɗu ta wajen Samaru, ina baranda a Sabon Gari ina ta kallonsa. Da kaka muka je muka ja igiya. Ashirin da biyar. Ya ci ƙafa biyu kafin jemar ta kama. Shekara ta gaba ba ni na je ba, an tura ni wani aikin, sakataren ƙungiya ne ya ja igiyar ya aiko mana: ashirin da biyar, bai motsa ba. Na yi murna har na sayi tsire na kai wa Malam Jibo.

Bayan kwana kaɗan ina zaune ina cika takardu, masinja ya leƙo ya ce wani tsoho yana nemana. Na fito na ga Baba Ilu, ƙafafu duk ƙura, igiyar nan a naɗe a kafaɗarsa. Na yi tsammanin godiya ya zo yi, har na fara shirya yadda zan ƙi karɓar kaza. Muka gaisa, na tambayi gona, ya ce dawa ta yi, har bakin jemar ya shuka.

Sai ya ce, "Ƙara na kawo."

Na ce, "Ƙarar wa, Baba?"

"Allon nan. An rubuta ashirin da biyar. Yaron nan sakatare ya ja igiyar a karkace. Ni na sake ja sau uku, ashirin da huɗu da rabi ne. Na biya ta Samaru na faɗa wa Malama a gaban mutanenta, ta ce in zo in faɗa muku ku ma, don ku gyara naku littafin."

Malam Jibo yana jin mu daga ciki. Ya fito yana dogara sanda, ya ciro fensirin nan mai zare, ya miƙa mini. Na buɗe littafi a gaban tsoho na soke biyar, na rubuta huɗu da rabi. Baba Ilu bai iya boko ba, amma sai da ya leƙa ya ga na soke ɗin, sannan ya gyara igiyarsa a kafaɗa ya yi mana sallama.